'Yata ta ce ba ta son Kirsimeti saboda ni

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wata 'yar'uwa a Narayi, wata unguwa a garin Kaduna. Na rage tsawonta, na kuma cire sunaye.

"Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni malamar firamare ce, shekarata 36, ina da yara uku. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu tana ƙauye kusa da Zonkwa. Shekara 11 ke nan da aurenmu, ban taɓa yin Kirsimeti da kwanciyar rai ba. In ba mu kwashi yara da buhun shinkafa da atamfofi mun tafi ƙauye ba, to dangi ne za su cika mana gida. Bara mutum 14 suka kwana a ɗaki biyu da falo. Ranar bikin na tashi ƙarfe 4 na asuba, ban sa haƙarƙarina a ƙasa ba sai bayan 10 na dare. Ko coci ban leƙa ba. Da yamma babbar 'yata, mai shekara 9, ta kawo mini wani tauraro da ta yanka da kwali, wai in rataya mata. Na daka mata tsawa a gaban baƙi, sannan na koma kicin na yi ta kuka. Da bashin naira 280,000 muka shiga Janairu, ba mu gama biya ba sai watan Mayu, kuɗin makarantar yara ma sai da na roƙa aka ɗaga mana ƙafa.

"Makon da ya wuce ƙannenta suna murnar Kirsimeti ya kusa, sai na ji ta ce musu ita ba ta son Kirsimeti, domin lokacin ne Mama take fushi. Tun ranar barci ya gagare ni. Na gaya wa maigida bana ina so mu zauna mu kaɗai, mu je sujada, mu ci abin da muke da shi. Ya ce me mutane za su ce, kuma ina so in raba shi da danginsa. Maganar ta kai kunnen surukata, ta aiko cewa ba ta san ta zama kaya ba. Mama, son kai nake yi? Yaya zan yi yarana su tashi da ƙaunar wannan rana ba tare da na ɓata da dangin mijina ba?"

Ƙanwata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin tauraron kwalin nan. Bari in fara amsa tambayar da ta fi ci miki rai: ba son kai kike yi ba. Macen da ta yi awa 18 a tsaye tana ciyar da mutane, ta rasa sujadar haihuwar Mai Cetonta, ta kwashi bashin wata biyar, in ta ce a sake duba tsarin nan ba ta yi laifi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai maganin da kika zaɓa, wato rufe ƙofa, ina ganin ba shi zai ba ki natsuwar da kike nema ba. A ce kin yi nasara, kun zauna ku biyar, maigida yana falo fuska a murtuke, surukarki tana ƙauye tana share hawaye, wayar ƙannen miji ta daina shigowa. Gidan zai yi tsit, amma zuciyarki ba za ta kwanta ba. Yawan baƙi bai kai ya sa ki kuka ba. Abin da ya sa ki kuka shi ne kayan mutum 19 da aka ɗora wa kai ɗaya, ba wanda ya tambaya ko wuyan zai ɗauka. Nan ne za mu gyara.

Amma kafin maigida, kafin suruka, kafin lissafin kuɗi, akwai yarinyar nan. Kada ki jira Disamba. Ki same ta ita kaɗai, ko lokacin da kike mata kitso, ko kuna tsinar shinkafa, ki ce mata kin ji abin da ta gaya wa ƙannenta, kuma ba ki yi fushi ba. Ki ce: "Ranar da kika kawo mini tauraro na yi miki tsawa, ban kyauta ba. Gajiya ce ta yi mini yawa, ke ba ki yi laifin komai ba. Ki yafe mini." Da yawa daga cikinmu mun tashi a gidajen da babba ba ya ba yaro haƙuri, don haka na san bakinki zai yi nauyi. Ki daure. Yaro mai shekara 9 in aka yi masa tsawa ba a bayyana dalili ba, kansa yake ɗora wa laifin, kuma wata 10 ke nan tana riƙe da abin. Ki lura kuma da abin da maganarta ta ƙunsa: ba ta yi ƙorafin kaya ko takalmi ko kaza ba. Fuskarki take nema. Wannan ya kamata ya rage miki nauyi, domin abin da take so ba a kasuwa ake sayensa ba.

Yanzu maigidanki. Ina so ki ɗan zauna a kujerarsa. Ɗan fari ne, uba ya rasu, shi ne ya samu aikin gwamnati a Kaduna. A garuruwanmu na kudancin jihar nan, ƙarshen shekara lokacin ƙidaya ne: ɗan wane ya zo, ɗan wane bai zo ba, gidan wa aka sauke buhu, gidan wa aka yanka akuya. Ba mamaki da guminsu aka biya masa makaranta, wata ƙanwa ta haƙura da karatu don shi ya ci gaba. In ya ce "me mutane za su ce", abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne tsoron a ce ya samu wuri ya manta da uwarsa. Kuma yana da madogara a Littafi: 1 Timoti sura 5 ta ce 'ya'ya da jikoki su sāka wa iyayensu, ta kuma yi kakkausan gargaɗi ga wanda ba ya kula da danginsa. Amma ayar nan ta 8 ta fifita mutanen gidan mutum na kansa, kuma ke da yaran ne mutanen gidan nan. Kula da uwa wajibi ne, barin mata ta durƙushe a kicin kuma ba ya cikin wajibin.

Ina kyautata zaton bai san girman abin ba. Yana falo da baƙi, abinci yana fitowa a kan lokaci, kowa yana sa albarka, a idonsa biki ya yi kyau. Ke kuma da kika buɗe baki, da hukunci kika fara: bana mu kaɗai. Duk mutumin da aka tara da hukunci kare kansa zai fara yi. Ki sake ɗauko maganar ta wata ƙofa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, kamar yammacin Lahadi. Ki fara da cewa ba ki da niyyar raba shi da Mama, kuma kin yi baƙin cikin yadda maganar ta isa gare ta. Sannan ki gaya masa abin da 'yarsa ta faɗa, kalma da kalma, ki yi shiru ki bar shi ya haɗiye. Bayan haka ki ɗauko takarda: ga abin da muka kashe bara, ga watan da muka gama biya, ga kuɗin makarantar zango na biyu da ke jiranmu a Janairu. Ki ce masa, "Baban yara, ina so mu karɓi 'yan'uwa, amma yadda muke yi ya fi ƙarfina. Ka taya ni mu ga yadda za a yi." In kin ba shi wuri ya sa hannu a tsarin, zai tsaya ya kare shi a gaban danginsa, domin ya zama nasa.

A kan kuɗi ba zan ja ba, domin ke malama ce, kin san lissafi. Ku fara cire kuɗin makaranta da na abincin Janairu ku ajiye gefe, abin da ya rage shi ne na biki, daidai ruwa daidai tsaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na kayan abinci suka tashi, ba gidan da bai ji a jikinsa ba, har gidajen da kuke jin kunyar idonsu. Shinkafa, man gyaɗa, fulawa da sukari, ku saya tun Nuwamba kafin kasuwa ta cika. Nama kuwa ku shiga watanda da abokan aikinsa ko 'yan cocinku, ya fi sayen kilo-kilo ranar 24. Ɗinki a kai wa tela yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma anko na gida duka ba farilla ba ne. Shekara mai zuwa ki shiga ɗan adashi tun Fabrairu wanda ɗaukarki za ta faɗo a Nuwamba. In zuciyarki ta ce abin kunya ne a rage, ki buɗe Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu ne hadayarsu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanadar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Iyalin da muke bikin dominsu sun miƙa abin da hannunsu ya kai, Allah kuwa ya karɓa.

Surukarki ce ta fi buƙatar a bi da ita a hankali. Da ta ce ba ta san ta zama kaya ba, kada ki ji shi a matsayin faɗa. Maganar gwauruwa ce mai tsoron a manta da ita. Shekara guda tana jiran kwanakin nan ta ga jikokinta sun cika tsakar gida, maƙwabta su san ita ma tana da mutane. Wannan ba a gyara shi ta waya. Zumunci a ƙafa yake. Ku ware Asabar ɗaya a watan Nuwamba, ke da maigida, ku kama hanyar Kachia da sassafe, ku dawo da sauran rana. Ki riƙe mata ɗan abin da take so, ko sabulu da sukari ne. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Mama, maganar da ta zo miki ba haka nake nufi ba. Ke uwa ce, ba za ki taɓa zama mana kaya ba." Daga nan ki ja bakinki. Bayanin sabon tsari ɗanta ne zai yi, da bakinsa, a matsayin shawarar da shi ya yanke a gidansa. Abin da ɗa ya faɗa uwa takan haɗiye, in kuwa daga bakin matar ɗa ya fito, sai ya daɗe yana yawo a dangi. Ku kuma tambaye ta, a cikin duk hidimar nan me ta fi so. Na sha ganin tsofaffin da aka yi ta wahalar kai musu atamfa, alhali abin da ransu ke so shi ne a zauna kusa da su a coci ranar bikin.

Hanyoyin da za ku iya bi suna da yawa, ku zaɓi wadda ta dace da ku. Wadda na fi so ita ce ku ɗauko Mama ita kaɗai, ko da jika ɗaya mai rakiya, ta yi Kirsimeti tare da ku a Narayi. Kuɗin motar mutum biyu bai kai na mutum biyar da kaya ba, kuma ta samu girman da take nema. Sannan in hali ya yi, ku mayar da ita da kanku ranar 27 ko 28, ku yi kwana biyu ko uku a can, ku gaisa da kowa. Ai a yankin nan hidima ba ta ƙarewa ranar 25, har shiga sabuwar shekara gari a cike yake, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, garin da ba shi da nisa da Zonkwa. Ko kuma ku riƙa karɓa-karɓa, bana a Kaduna, baɗi a ƙauye, kowa ya san da haka tun da wuri. Duk tafiyar da za ku yi, ku yi ta da rana, ku kuma tambayi direbobin garejin Telebijin halin da hanya take ciki kafin ku tashi.

Sauran dangi kuma, maigida ya kira su tun yanzu ya ce gida ɗaki biyu ne, masu kwana ba za su wuce mutum huɗu ba, amma ranar bikin ƙofa a buɗe take ga kowa daga ƙarfe 2 zuwa magariba. Masu albashi a cikin ƙannensa kowa ya ɗauki abu ɗaya: wannan lemo, wancan kaji, wancan gas ko gawayi. Wasu za su yi gunaguni a shekarar farko. Ki sa ran haka, kada ya girgiza ki, a ta biyu zai zama al'ada.

A nan zan gaya miki wata magana da ƙila ba za ta yi miki daɗi ba, amma don ina ƙaunarki ne. Cikin mutum 14 ɗin nan, ba mace ko saurayi ko ɗaya da zai iya yanka albasa ko ɗebo ruwa? Ko dai sun yi tayi kika ce su bari, don kada a ce matar yaya ta sa baƙi aiki, ko don ba za su yi yadda kike so ba? Da yawanmu mata haka muke, mu ƙi taimako da safe, mu yi kukan rashinsa da dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙanwar miji da ta kwana uku a gidanki ta wuce baƙuwa, 'yar gida ce. Ki raba aiki da suna, da fara'a, tun ranar da suka sauka. Cincin a soya shi ranar 22 ko 23, a zauna a kewaye tire da yara ana yanka ana hira. Nama da miya a gama su ranar 24. Zoɓo da kunun aya a bar wa samari. Wanke-wanke maigida ya tsara shi da ƙannensa maza, in shi ya fara naɗe hannun riga ba wanda zai zauna. Safiyar 25 shinkafa kaɗai ta rage, ita ma sai an dawo daga sujada. Kala biyu na abinci sun isa. Kuma ki sa wa ranki cewa ko me ya rage bai dahu ba, ƙarfe 8 kina cikin kayanki kina hanyar coci da yaranki.

Na san za a kawo miki labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10, wataƙila ke ma kin riga kin yi wa kanki hukunci da shi. Ki sake karantawa a natse. Marta ce ta karɓi Yesu a gidanta, kuma bai raina hidimarta ba. Ya kira sunanta sau biyu, kiran tausayi, ya nuna mata damuwa da abubuwa masu yawa sun raba mata hankali. A Markus 6:31 kuma, da jama'a suka yi ta kai da kawowa har almajirai suka rasa zarafin cin abinci, shi da kansa ya ce su zo waje ɗaya su ɗan huta. Ubangijin da kike bauta wa ya san gajiyar masu hidima.

To, ga abin da na fi so ki ba ƙarfi, domin shi ne yaranki za su girma da shi. Ki kafa wa gidanki ɗan lokaci nasa na kansa, wanda baƙo ba ya ture shi, sai dai ya shigo ciki. 'Yan'uwanmu na Katolika da Angilikan suna kiyaye Lahadi huɗu kafin Kirsimeti a matsayin lokacin jiran zuwan Almasihu, kuma ko wace ikkilisiya kike, ba abin da zai hana ki ari wannan hikima. Kowace yammar Lahadi, minti 30 kacal, a kashe talabijin, a ajiye waya, a shimfiɗa tabarma. Lahadin farko a karanta saƙon mala'ika ga Maryamu a Luka sura 1. Ta biyu, mafarkin Yusufu a Matiyu sura 1. Ta uku, tafiya Baitalami da makiyaya a Luka sura 2. Ta huɗu, masanan nan da suka biyo tauraro daga gabas a Matiyu sura 2. Babbar 'yarki ta karanta, ƙanana su yi tambaya, babansu ya rufe da addu'a, a rera waƙa ɗaya da kowa ya iya. Kada ki mai da shi aji, kin ji, malama. In ƙaramin ya yi ta mutsu-mutsu ko ya yi barci a cinyarki, ya yi daidai.

Bayan karatun sai aikin hannu, kuma a nan ne tauraron zai dawo. Ku gina komin dabbobin da aka kwantar da Yesu, kaɗan-kaɗan, kowane mako a ƙara abu ɗaya. Kwalin taliya ya zama bukka. Karan dawa, wanda yaranmu suka saba ƙera mota da shi, ya zama ginshiƙi da shinge, kuma lokacin kaka ne, in kun je ƙauye a Nuwamba ku ɗebo. Busasshiyar ciyawa ta zama shimfiɗa. Tumaki da jaki a gina su da laka, a shanya, iskar hunturu za ta busar da su cikin kwana biyu. Ƙyallayen atamfa da tela ke zubarwa su zama tufafin Maryamu da Yusufu da makiyaya. Tsohuwar kalanda a yanka ta a yi sarƙar ado. Wannan al'ada ta daɗe: a shekarar 1223 Faransis na Asisi, wani waliyyin Katolika, ya shirya irinta a wani ƙauye a Italiya, da ciyawa ta gaske da sa da jaki, don talakawa su ga da idonsu irin talaucin da aka haifi Almasihu a ciki. Da abin da ke kusa da shi ya yi, ku ma da na kusa da ku za ku yi. Roƙona ɗaya: kada ki gyara musu. In tunkiya ta fito kamar kare, ki bar ta, tasu ce. In za ku kunna kyandir, babba ya kasance a wurin, a nisanta shi da kara da ciyawa, domin gobarar hunturu ba ta da wuyar tashi. Ƙaramar tocila a cikin kwalin ta fi kwanciyar hankali.

In Mama ta zo, ki ba ta babban matsayi a wannan zama. Daren 24, bayan an dawo daga waƙoƙin Kirsimeti, a zauna a gaban komin, ta ba jikokinta labarin yadda suke bikin a ƙauye tana yarinya, ta koya musu waƙa ɗaya da yarensu, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka tashi a Kaduna da Hausa da Turanci sukan rasa harshen kakanninsu, wannan dama ce. Ki ɗauki muryarta a waya ki adana, wata rana za ku gode wa Allah da kuka yi. Ki kuma roƙe ta ta yi muku faten acca ko wani abincin gida da hannunta, ke kina taya ta. Tsohuwar da aka ce mata "Mama, ba wanda ya iya wannan sai ke" ba za ta ƙara cewa ta zama kaya ba.

Kada kuma ragin da za ku yi ya shafi kwanon maƙwabta. Garin nan ya sha wuya, tun rikicin shekarar 2000 mutane da yawa suka rabu da unguwannin da suka tashi, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin Kirista da Musulmi. Kwanon shinkafa da cincin da Kirista ke aika wa abokinsa Musulmi, da naman layya da ke dawowa da Babbar Sallah, suna cikin zaren da ya rage yana riƙe da mu. Gidaje da yawa sukan ba Musulmi yankan dabbar bikin don kowa ya ci hankali kwance. Ku zaɓi gida biyu ko uku, da wata gwauruwa ko mara lafiya a cocinku, yara su kai da hannunsu ranar 26, tun da ita ma ranar hutu ce. Su zana ɗan kati su ɗora a kan murfin. Nokawut kuwa, abin wasan nan mai fashewa, ki hana su saya, yana ƙona yatsu, kuma ƙararsa tana tayar da hankalin mutanen da suka taɓa gudun tashin hankali.

Zai yiwu ki yi duk wannan maigida ya ce shi dai yadda aka saba. In haka ta faru, kada ki yi yaji, kada ki kai ƙara ƙauye. Ki nemi wasu dattawa miji da mata da yake jin nauyinsu, ko waɗanda suka tsaya muku a aure, ko Fasto da Mama Fasto, ki kuma sanar da shi kafin ki je, kada ya ji kamar an kai shi kotu. Sannan ki riƙe abin da ke hannunki, cikin ladabi ba tare da ɗaga murya ba: ba za ki ci bashi da sunanki don biki ba, za ki je sujada, za ki raba aiki, za ki yi zaman Lahadi da yaranki. Waɗannan huɗun ba sa jiran kowa ya canza. Matan Zumunta na cocinku ma suna nan, ki buɗe baki ga ɗaya ko biyu da kika amince da su, za ki tarar ba ke kaɗai ke kuka a kicin ranar 25 ba, har ku iya haɗa hannu ku yi suyar cincin tare.

Rashin barcin nan kuma ina so ki sa masa ido. In ya wuce mako biyu, ko kika ga kuka yana zuwa ba dalili, abinci ya fita ranki, ko kanki yana yawan sarawa, ki je asibiti a auna jininki, ki gaya wa likita duk abin da kika gaya mini. Yin haka bai rage komai daga bangaskiyarki ba.

Yau da dare dai ki fara da yarinyar. Bayan kin ba ta haƙuri, ki tambaye ta ko tauraron bara yana nan. In ta ɓoye shi, ta ɗauko. In ta yaga, ki nemo kwali da almakashi ku yanka wani tare, ita ta zaɓi inda za a rataya shi, ke kuma ki hau kujera ki rataya da hannunki. Ki rubuto mini bayan sabuwar shekara, ina so in ji yadda Mama ta karɓi maganar da abin da maigida ya ce. Ina sa ku cikin addu'a, ke da dukan gidanki.